Kurakuran da masu Gentoo ke ta maimaitawa wajen sabunta manhajoji

Na gaji da ganin sababbin masu Gentoo, wani nau'in Linux da ake gina manhajojinsa a kan kwamfutar mutum, suna faɗawa rami ɗaya, kuma mafi zurfin ramin shi ne jinkiri. Ni kaina na taɓa barin kwamfutata wata goma sha ɗaya ban sabunta komai ba, aiki ya sha kaina. Ranar da na buga emerge --sync, na bi shi da emerge -avuDN @world don sabunta komai, sai Portage, mai kula da manhajojin Gentoo, ya cika min allo da jan rubutu: wannan manhaja ta tare waccan, sigar Python da nake kai an daina tafiya da ita, shi kansa Portage ɗin yana neman abin da ba zai ginu ba sai an sabunta shi. Kwana uku na yi ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, idona ya yi jawur. Gentoo ba ta fitar da sabuwar siga lokaci-lokaci kamar Ubuntu. Kullum tafiya take, in ka tsaya ta bar ka a baya. Tun daga ranar, duk Asabar da safe nake sabuntawa, ko da manhaja biyar ce.

Na biyu kuwa har yanzu yana min ciwo. Bayan sabuntawa Portage zai ce akwai fayilolin saiti da ke jiran dubawa. Sai mutum ya buɗe etc-update, manhajar duba su, ya danna -5, wato ya maye gurbin dukkan tsofaffin da sababbi ba tare da tambaya ba, don ya huta. Haka na yi, ya shafe min sshd_config, fayil ɗin saitin shiga kwamfuta daga nesa, a wata kwamfuta da ke nesa da ni, ƙofa ta rufe, sai da na yi tattaki. Haba ɗan'uwa, minti biyu na karatu ne ya gagare ka? Yi amfani da dispatch-conf a madadinsa, ka duba bambancin layi-layi kafin ka amince.

Sauran ƙanana ne. Karanta eselect news read kafin ka fara, can ake sanar da manyan sauye-sauye. Kada ka cika lamba a MAKEOPTS, inda ake saita yawan ayyukan gini a lokaci ɗaya; ni ina ware wa kowane aiki kusan 2GB na RAM. Kada ka taɓa --depclean, mai cire manhajojin da ba a buƙata, sai sabuntawa ta kammala, kuma ka sa -a ka karanta jerin abin da zai cire. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, emerge --resume zai ɗora daga manhajar da ta tsaya. Manhajoji masu cin dare guda wajen gini irin qtwebengine kuwa, tun Disamban 2023 Gentoo ke ba da ginannunsu, ni can nake ɗauko su.