Yadda za ka ceto tsofaffin kaset ɗin bidiyo na gida kafin su mutu

In akwai wani kwali ko buhun bagco a gidanku cike da kaset ɗin bidiyo, na bikin iyaye ne ko hawan sallah ko saukar karatu ko fina-finan Hausa na da irin waɗanda ake sayowa a Ƙofar Wambai, dan Allah kar ka ce sai ka samu lokaci. Zaren kaset ba ya jira, zafi da laima suna cin sa a hankali, kuma abin da ya fi wannan tada hankali na'urar da za ta kunna shi ce take ƙarewa, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera ta ya daina tun 2016, duk na'urar bidiyon da ka gani yanzu tsohuwa ce.

Kuma abin da ake ɗauka ya ɓata yana iya dawowa fa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru da yawa sai dai labarinsa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi aka haska a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan ya samu gata. Fina-finan da aka yi a Kano daga 1990 zuwa lokacin da sidi ya shigo kuwa, da yawansu ko masu su ba su da kofi, wanda ke kwalin gidanku yana iya zama shi kaɗai ya rage.

To abu na farko, kar ka jefa kaset a bidiyo kai tsaye. Ɗauko shi ka leƙa ta ɗan gilashin nan, in ka ga fari-fari kamar gari ko saƙar gizo a jikin naɗin zaren to fumfuna ce, ware shi a leda shi kaɗai, domin in ya shiga na'ura zai ɓata kan bidiyon, wato ɓangaren da ke karanta zaren, kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Kar ka shanya shi a rana wai ya bushe, za ka ƙarasa shi ne. Irin wannan sai mai gyara da ya san aikin, kuma ya sa takunkumi don ƙurar ba ta da kyau a ƙirji. A gefen kaset akwai ɗan maɓalli, danna shi murfin gaban zai buɗe, ka duba ko zaren ya tsinke ko ya yamutse. In ya tsinke kar a liƙa da salatif na kanti, gam ɗinsa yana tsattsafowa ya manne a kai. In kuma kwanson ne ya fashe abin da sauƙi, a kwance sukurorin ƙasa a mayar da naɗin cikin kwanson wani kaset mai lafiya. Sannan ka ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kaset, da zarar babu shi na'ura ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kai ba, ko yaro ya danna jan maɓalli bisa kuskure.

Na'ura kuma wajen masu gyaran rediyo da talabijin na da za ka samu, ko 'yan gwanjo. Ka tabbata tana cin PAL, shi ne tsarin da muke amfani da shi a Najeriya da Ghana, na Amurka NTSC ne ba za ta nuna maka daidai ba. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, wallahi wannan kar ka tsallake, tsohuwar bidiyo in belinta ya saki tauna zare take yi, kuma kullum sai ta zaɓi wanda ka fi so. In hoto yana yayyafi kan ne ya yi datti, a goge da farar takarda da aka ɗiga wa sifirit ana juya gangar da kan yake jikinta da yatsa a hankali, banda auduga, tana maƙalewa ta karya kan. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye ka tura shi har ƙarshe ka tariyo shi sau ɗaya kafin ka kunna, zaren ya ɗan saki jiki.

Sai ɗauka zuwa kwamfuta. Akwai 'yar na'ura da ake saƙalawa a USB, ɗaya gefen tana da wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, a kasuwar waya ko wajen masu kayan kwamfuta ana samu. Ka haɗa bidiyo da laftof, ka sauke manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio kyauta ce, ka saita girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, haka PAL yake. Ka bar hoton a siffarsa ta tsohuwar talabijin, 4:3, kar ka ja shi ya cika allo mutane su koma gajeru masu faɗi. In ƙasan hoto yana rawa ka taɓa maɓallin tirakin na jikin bidiyo, mai daidaita hoto, har ya tsaya. Ba a gaggawa a nan, kaset na awa uku awa uku zai ci, kuma ka yi a kan inbata ko sola in da hali, don in aka ɗauke wuta zare yana naɗe a kan ganga fito da shi aiki ne, janareta ma a sa sitabilaiza.

Wasu suna kafa waya a gaban talabijin su ɗauka. Ya fi babu, amma ka yi shi ne kawai in ba wata hanya.

Na sidi da dibidi sun fi sauƙi, ba sai an sake ɗauka ba, kwafa kawai za ka yi. A bisidi ka buɗe folda mai suna MPEGAV ka kwashe fayil ɗin DAT, a dibidi kuma ka kwashe VIDEO_TS gaba ɗaya. Ƙananan kaset na kyamara irin MiniDV sai da kyamarar da wayar FireWire, awa ɗaya tana cin kusan giga 13.

Nan ne inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Fayil na farko da ka ɗauka, mai nauyin nan, kar ka taɓa shi. Ka yi kofi ka yi duk gyaran da kake so a kan kofin, rage hayaniyar sauti, gyara kala, matse shi don tura wa dangi a WhatsApp. Manhajojin AI da ake yayi suna ƙara wa hoto haske amma ƙirƙiro fuska suke yi, sai ka ga kakarka ta fito da fata sumul tsagar fuskarta ta ɓace, idon ma ba nata ba. Wannan ba ita ba ce. Wanda zai zo bayan shekara 20 da kayan aiki mafi kyau asalin zai nema. Asalin nan ka ajiye shi wuri uku, had dis biyu ɗaya a gidanka ɗaya a gidan wani ɗan uwa, na uku a intanet, filasha kaɗai ba abin dogaro ba ce.

Abin da kusan kowa yake mantawa shi ne sunaye. Ka ɗauki laftof ka je ka zauna da Hajiya ko Baba ko gwaggonka, ka kunna musu, kana tsayarwa kana tambaya, Hajiya wannan mai shuɗin mayafin wace ce, wane gida ne wannan, wace shekara, wane makaɗi ne ya yi wasa. Za su ba ka labarin da ba ya cikin kaset ɗin, ka kunna rikodar waya ka ɗauki muryarsu ma. Ka rubuta a fayil ka ajiye tare da bidiyon, sunan fayil ya zama shekara da wuri da abin da ya faru. A fina-finai kuma ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya, nan ne sunan kamfani da 'yan wasa suke, wasu kaset ɗin ma farkonsu akwai tallan wasu fina-finan da suka ɓata, kar ka yanke.

In fim ne na wani, yana da mai shi. Kafin ka ɗora a YouTube nemi furodusan ko iyalansa ka ba su kofi, da yawa za su yi murna sosai don su ma nema suke. Na bikin gida kuma akwai matan da ba za su so a gan su a duniya ba, a tambaye su tukuna.

In kuma ka ci karo da fim na gwangwani, naɗin da ake sa wa majigi, musamman in ka buɗe ka ji tsami kamar binega, kar ka warware kar ka kunna, ware shi daga sauran ka tuntuɓi ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.

Bayan ka gama kar ka zubar da kaset ɗin. Ka tariyo su, ka jera su a tsaye cikin kwalayensu a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da sifika saboda maganaɗisu, ba a saman silin ƙarƙashin kwano ba, ba a ƙasa inda ruwan damina zai iya shiga ba, ka manna wa kowanne lamba irin wadda ka sa wa fayil ɗinsa.