Yadda na dawo da sigina a motarmu mai ɗakin kwana

Kwana biyu da mun yada zango, sai dikoda ta ce babu sigina. Na juya dish har hannuna ya gaji, shiru. Ashe motar ce ta karkace, ƙafar baya ɗaya ta nutse cikin yashi. Tauraron ɗan Adam da ke aiko da siginar yana sama da kilomita 35,000 bisa layin da ya raba duniya gida biyu, shi ya sa ɗan karkata kaɗan ke ɓatar da shi. Na sa katako ƙarƙashin tayar, na daidaita motar ina duba kwanciyar ruwan kwalba a kan tebur. Hoto ya dawo amma yana yankewa. Da na kwance kan wayar LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, sai ga tsatsa, ruwan sama ya shiga. Na yanke bakin, na sa sabon kai, na naɗe da salatif. Tar!