Ga mai son shuka kajiji a gida

Jama'a, mai son shuka kajiji kada ya wahalar da kansa da neman iri, saiwarsa ake rabawa. A tono tushe ɗaya, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da ƙullutu mai tsiro ko da guda ɗaya ne.

Tsiron fadama ne, ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarsa. A samu bokiti ko baho marar huji, a cika shi da laka ko ƙasa mai yumɓu, ban da busasshen taki mai tasowa saman ruwa. A binne saiwar kamar santimita 5, sannan a zuba ruwa har ya ɗan rufe ƙasar. Rana yake so sosai, a inuwa sai ya yi siriri ya kwanta.

In ya kama, za ku ga kara kore mulmulalle, ba ganyen kirki, yana wuce mita 1. Ku shafa shi da yatsa za ku ji gaɓoɓi a ciki.

Ni dai ban ba da shawarar a dasa shi kai tsaye a lambu ba, don saiwar tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, cire ta sai an sha wuya. Ruwan bahon kuma a riƙa sauya shi duk mako saboda sauro.