Yadda Ake Facin Titi Ya Jure Damina

Kafin a fito da ko shebur ɗaya, a tantance titin na wane ne. A Najeriya manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, irin ta Kano zuwa Zariya da Kaduna, na gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ce ke kula da gyaransu. Na jiha suna hannun ma'aikatar ayyuka ko hukumar da jihar ta kafa, kamar KARMA a Kano da KADRA a Kaduna. Ƙananan tituna da magudanan unguwanni kuwa, tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Titin da ba a san mai shi ba, kowa sai ya tura wa ɗan'uwansa har ramin ya zama kududdufi.

Lokacin aikin shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ruwa kan sauka a ƙasar Hausa wajen Mayu ko Yuni, ya fi ƙarfi a Agusta, don haka duk facin da aka bari sai damina ta kankama asarar kuɗi ne kawai.

A fara da ruwa, kwalta ta biyo baya. Abin da ke cin titi shi ne ruwan da ya kwanta a kansa ko ya ratsa ƙarƙashinsa, ya jiƙa marmarar da ke ɗauke da nauyi, sai tayar mota ta ƙarasa sauran. Injiniya ya bi titin da ƙafa, ba daga cikin mota ba, ya leƙa kowace kwalbati ya ga ko yana hango haske ta ɗaya bakin. In bai hango ba, ta toshe. A yashe lambatu daga inda ruwan ke fita, a yi sama. Wanda ya fara daga sama, dattin zai tura wa na ƙasa. Yashi da ledar da aka kwaso kuma tifa ta ɗauke su a ranar. Sau da yawa akan jibge su a bakin lambatun, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito, a ce an yi aiki. Inda za a sa sabuwar kwalbati, gara mai faɗin santimita 90, domin lebura zai iya shiga ya yashe ta, ƙarama kuwa in ta cushe sai dai a fasa titi. A duba gefen titi ma: in ƙasa ta taru ta fi kwaltar tudu, a kankare ta da gireda don ruwa ya sami hanyar gangarewa.

Sai ramin kansa. A zagaye shi da fenti ko alli a siffar murabba'i, a haɗa da duk inda kwaltar ta tsattsage kamar bayan kada, domin wannan alama ce ƙasan ya riga ya lalace. A yanke da injin yanka, bakin ya tsaya a miƙe. Faci mai baki a kwance ba ya kamawa, taya na hawa sai ya fara ɓantarewa. A haƙe har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a kwashe duk mai laushi da mai danshi, a share ƙura tas.

Cikon ƙasan nan ne ake yawan ha'inci, don ba a ganinsa bayan an rufe. A zuba marmara ko fasasshen dutse hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a daɓe shi sosai kafin a ƙara wani. Ruwan da za a yayyafa yana da gwaji mai sauƙi: a damƙi marmarar a hannu, in ta dunƙule ba ta wargaje ba, kuma ba ta ɗiga ruwa ba, ta yi daidai. Busasshiya ba ta daɓuwa, mai ruwa da yawa kuma lumewa take yi ƙarƙashin rola.

Bayan nan a fesa ruwan kwalta mai suna MC1, kimanin lita ɗaya a kowace murabba'in mita, a bar shi ya kwana ya ratsa. Bakin yankan ma a shafa masa ruwan kwalta da buroshi, ta nan ruwan sama ke fara shiga. Kwaltar da za a shimfiɗa ta iso da zafinta, wajen digiri 140 zuwa 150, a lulluɓe da tamfol a bayan tifa. Wadda ta huce ta yi guda-guda a mayar da ita, komai roƙon ɗan kwangila. Kaurin santimita 5 yana cin kimanin kilo 115 zuwa 120 a murabba'in mita, da wannan lissafin ake gane ko yawan tan da aka rubuta ya dace da faɗin da aka rufe. A zuba ta ta ɗan fi titin tudu, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, a bi da rola daga gefe zuwa tsakiya har ta koma daidai da tsohuwar. Kada a wanke shebur da man gas a kan facin, gas narkar da kwalta yake yi. Shi ya sa titin da tireloli ke kwana a kai, gas na ɗiga daga jikinsu, yake saurin rubewa.

Kan biyan kuɗi, a biya bisa awon da injiniyan gwamnati ya yi da kansa, rami bayan rami, da hoton kafin aiki da na bayansa. A riƙe kashi 5 cikin ɗari sai an ga yadda facin ya fito daga damina a watan Oktoba.

Hanyar da manyan motoci ke bi da lodin da ya wuce ƙima tana buƙatar sikelin awon nauyi, domin in nauyin da ke kan gatarin mota, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake wa titi takan kai kusan ninki 16. A irin wannan hanya, a kafa sikelin tun kafin a buɗe facin ga motoci.