Yadda tsohon soja zai nemi tallafin jiha a Amurka: misalin Texas

Tsohon sojan Amurka yana da haƙƙi iri biyu idan ya ajiye kaki. Akwai wanda gwamnatin tarayya take bayarwa ta hannun ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, kamar magani da diyyar rauni da kuɗin karatu. Akwai kuma wanda kowace jiha ta tanada da dokarta, kuma shi ne ake yawan bari ya wuce, domin ba a kawo wa mutum shi gida, sai ya nema da kansa. Jihar Texas ta dace da misali, saboda tanadinta yana da yawa, kuma 'yan Najeriya da dama suna zaune a birnin Houston da kewayensa, cikinsu har da waɗanda suka yi aikin sojan ƙasar.

Abu na farko shi ne takardar sallama daga aiki, wato DD-214, wadda take nuna ranar shiga da ranar fita da irin sallamar da aka yi wa mutum da kuma adireshin da ya rubuta a matsayin gidansa lokacin da ya shiga soja. Kusan duk ofishin da za ka je ita za a fara tambaya. Idan ta ɓace, ana neman kwafinta kyauta daga cibiyar adana bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke birnin St. Louis a jihar Missouri, ta intanet ko ta hanyar cike fom mai lamba SF-180. Yana da kyau ka karanta ta layi bayan layi tun kafin ka miƙa ta, domin kuskure a kwanan wata ko a adireshi yana iya hana ka abin da ka cancanta.

Bayan wannan sai batun ƙimar nakasa. VA ce take duba raunin ko ciwon da mutum ya samu sanadiyyar aiki, ta ba shi kaso daga sifili zuwa 100 cikin ɗari, ta kuma aiko masa da wasiƙa. Jiha ba ta sake yin nata gwajin, da wannan wasiƙar take aiki, don haka wanda bai riga ya nemi a auna shi ba ya fara da nan.

Amfanin wannan kaso ya fi fitowa a harajin gida, wanda yake da nauyi ƙwarai a Texas tun da jihar ba ta karɓar haraji daga albashi. Wanda kasonsa yake tsakanin 10 da 29 ana cire masa dala 5,000 daga ƙimar kadarar da ake lissafa haraji a kanta, daga 30 zuwa 49 dala 7,500, daga 50 zuwa 69 dala 10,000, daga 70 zuwa sama kuma dala 12,000. A lura cewa daga ƙimar gidan ake cirewa, ba daga kuɗin harajin kansa ba, saboda haka sassaucin bai taka kara ya karya ba. Babban bambancin yana wajen wanda VA take biyan sa diyyar kaso 100, domin shi an ɗauke masa harajin gidan da yake zaune a ciki gaba ɗaya, kuma idan ya rasu matarsa za ta iya ci gaba da cin wannan gajiyar muddin ba ta sake aure ba kuma tana zaune a gidan. Ofishin ƙiyasta kadarori na gundumar da gidan yake shi ake kai wa takardun, kuma a ƙa'ida ana so a miƙa kafin ƙarshen watan Afrilu.

Batun karatu kuwa yana ƙarƙashin dokar Hazlewood, wadda ta yafe kuɗin makaranta har na awa 150 na darussa (awa a nan ma'aunin nauyin darasi ne, wato credit hour) a jami'o'i da kwalejojin gwamnatin jihar, alhali digirin farko yakan ci kimanin awa 120. Ba ta biyan kuɗin littattafai ko masauki ko abinci, kuma jami'o'i masu zaman kansu ba sa ciki. Sharuɗɗanta suna da tsauri: dole mutum ya yi aƙalla kwana 181 yana bakin aiki ban da lokacin horo, ya samu sallama ta mutunci, sannan ya kasance ya shiga soja a Texas, ko yana mazauninta a lokacin, ko ita ya rubuta a matsayin gida. Wanda ya shiga soja daga New York ya koma birnin Dallas na Texas da zama bayan ya bar aiki ba zai samu ba, ko da ya shekara goma a can. Wanda ya cancanta kuma bai yi amfani da awowinsa ba yana iya miƙa su ga ɗansa ko 'yarsa idan shekarunsu ba su wuce 25 ba, kuma a ganina wannan ne ya fi duk sauran daraja ga mai iyali.

Hukumar filaye ta tsofaffin sojojin Texas, wadda aka kafa a 1946, tana ba da rancen sayen fili ko gida ko gyaran gida, kuma ita zaman jihar a yanzu take dubawa, ba inda mutum ya shiga soja ba. Rancen yana da ruwa, abin da Musulmi zai so ya auna kafin ya sa hannu. Akwai kuma ƙananan abubuwa, irin su lasisin tuƙi kyauta ga mai kaso 60 zuwa sama.

Wajen cike takardu kada ka biya kowa kuɗi. Hukumar tsofaffin sojoji ta Texas tana da jami'ai masu taimakawa kyauta, gundumomi da yawa suna da nasu jami'in, haka ma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da DAV, ta waɗanda suka nakasa. Idan za ka je, ka riƙe DD-214 da wasiƙar VA ta baya-bayan nan da lasisin tuƙi mai adireshin gidan da kake zaune, domin ofishin harajin gida yana son adireshin lasisin ya yi daidai da na gidan da ake nema wa sassauci.