Darasi na Tara: Sabawa da Ganin Fuskarka a Kyamarar Waya

Mutane da yawa, idan ɗan'uwa ya kira su ta bidiyo a WhatsApp, ko banki ya nemi su ɗauki hoton fuskarsu kafin a buɗe musu asusu, sai nauyi ya kama su, har ka ji wani yana cewa, "Ashe haka nake?" Fuskar ba ta da laifi, rashin sabo ne kawai, kuma yana da dalilinsa.

Fuskar da ka saba gani tun ƙuruciya ita ce ta madubi, madubi kuwa yana mayar da dama hagu. Hoton da waya take adanawa galibi yana nuna ka yadda jama'a suke ganinka, saboda haka tsagar da ka saba gani a wannan kunci, ko karin hularka, sai ta koma ɗaya gefen, idonka ya ga kamar baƙo ne. A shekarar 1977 wasu masu bincike a Amurka sun nuna wa mata hotunansu iri biyu, na madubi da na ainihi, sai masu hoton suka fi son na madubi, aminansu kuwa suka zaɓi na ainihi. Haka muryarka take: idan kana magana, kana jin ta ta cikin ƙasusuwan kanka, shi ya sa wadda aka naɗa take fitowa siririya a kunnenka.

Riƙon waya ma yana da nasa tasiri, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Wani bincike na shekarar 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Don haka ka miƙa hannunka sosai, ko ka jingina wayar da tulu ko bango daidai tsayin idonka, domin idan tana kan cinya, haɓa da ƙofofin hanci ne za su cika hoton. Ka fuskanci taga ko ƙofa yadda haske zai sauka a fuskarka, kada ka ba shi baya. Ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, saboda maiƙon hannu yana sa hoto ya yi hazo. Lokacin magana kuma, ka riƙa kallon ɗan ƙaramin idon kyamara da ke saman wayar, domin ta nan ne wanda kake magana da shi zai ga kana dubansa.

Aikin gida: ka ɗauki bidiyon kanka na minti ɗaya kowace rana har mako guda, kana gaisuwa tare da faɗin sana'arka. Ka kalle shi sau ɗaya, ka duba haske da tsayin wayar kawai, sannan ka zo aji da na ranar farko da na ranar ƙarshe domin mu gwada su tare.