Yadda za ka ziyarci gidan da Lloyd George ya tashi a ƙauyen Llanystumdwy

Ga 'yan uwa da ke karatu ko aiki a Birtaniya, in hutu ya zo kar kullum ya zama Landan da kallon ƙwallo a Manchester, akwai wani ɗan ƙauye a arewacin Wales, Llanystumdwy, kusa da garin Criccieth a yankin Gwynedd, inda David Lloyd George ya girma, shi ne jigon jam'iyyar Liberal da ya yi firaminista daga 1916 zuwa 1922. Ka ware masa yini guda cur, ko ma ka kwana.

Fara da duba ranakun buɗewa a shafin ƙaramar hukumar Gwynedd, don su ke kula da gidan da ɗakin adana kayan tarihinsa kuma ba duk shekara yake a buɗe ba, lokacin sanyi akan rufe. In jirgin ƙasa za ka bi, ka yanki tikitin Criccieth daga Birmingham, ta Shrewsbury, tafiyar ta fi awa huɗu. To a nan fa sai ka natsu, a tashar Machynlleth ana raba jirgin gida biyu, rabi ya nufi Aberystwyth rabi ya nufi Pwllheli, kai na Pwllheli za ka zauna, ka tambayi kwandasta tun da wuri. Daga Criccieth ƙauyen bai wuce mil biyu ba, ko bas ko tasi ko ka taka in ba ruwa. Ka rubuta sunan ƙauyen a waya ka nuna wa direba, ya fi sauƙi. Ka riƙe rigar ruwa da guzurinka da sallaya, babu masallaci a ƙauyen.

In ka isa, shawarata kar ka fara da babban ɗakin adana kayan tarihin, fara da Highgate, ɗan ƙaramin gidan dutse da ke bakin titi. An haifi Lloyd George a Manchester a 1863, babansa malamin makaranta ya rasu a 1864, sai mahaifiyarsa ta kwaso yaranta ta dawo wajen ɗan'uwanta Richard Lloyd, wato kawunsu, mai ɗinkin takalma kuma mai wa'azi a cocinsu. Nan suka zauna har 1880. Ka tsaya a shagon takalman da ke jikin gidan ka dubi bencin aikin da fatu da kayan ɗinki, ka leƙa ɗakunan ka ga ƙanƙantarsu, sannan ka lissafa uwa da yara uku da kawu duk a ciki. Riƙon maraya ne irin wanda muka sani, kawun nan shi ya tsaya wa karatunsa har ya zama lauya, kuma sunan Lloyd ɗin ma daga wajensa ya zo. Wanda ya ga gidan nan ba zai yi mamaki ba in ya ji lokacin da yake ministan kuɗi ne aka fara biyan tsofaffi 'yan shekara 70 fansho na sule biyar a mako a 1909, sannan ya kawo dokar inshorar lafiya da rashin aiki ta 1911, masu filaye da manyan majalisar dattawa suna ta kumfar baki kan harajin da ya ɗora musu.

Bayan nan ka shiga ɗakin tarihin, akwai akwatunan karramawa da birane suka ba shi da takardun yarjejeniyar Versailles ta 1919, wato sulhun da aka yi da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Nan ne ya kamata mu mu duba da idonmu, ba da idon mai yi mana bayani kaɗai ba. Gwamnatinsa ce ta fitar da sanarwar Balfour a 1917, ta goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, wadda Falasɗinawa ke ɗanɗana kuɗarta har yau, kuma a zamaninsa ne Ingila da Faransa suka raba Kamaru ta Jamus a 1919, yankin arewa na kason Ingila shi ya shigo Najeriya a 1961 ya zama lardin Sardauna, su Mubi kenan. Ni dai ina ganin tausayinsa ga talakan ƙasarsa gaskiya ne, amma bai ƙetare teku ya iso gare mu ba, kuma ya kamata ka riƙe duka biyun a ranka kana zagayen.

Daga nan ka taka zuwa kabarinsa a bakin kogin Dwyfor, 'yan mintuna ne, wani ƙaton dutse ne a tsakiyar kewayen da mai zanen gine-gine Clough Williams-Ellis ya zana, wai a kansa yake zama yana kallon ruwa. Ya rasu a Maris 1945 a gidansa Tŷ Newydd da ke saman hanya, yanzu cibiyar marubuta ce don haka ba a faɗawa kai tsaye. In da sauran lokaci ka hau tudun tsohuwar ganuwar yaƙi ta Criccieth, amma ka duba lokacin jirgin ƙarshe tukuna, don layin nan jiragensa jefi-jefi ne.